Miliwat 200 daga Zariya har Ostareliya: an ji ni ne, ko kwamfuta ce ta yi mini shaida?

Ɗan Tudun Wada (Litinin da daddare):
Assalamu alaikum jama'ar zauren masu sha'awar rediyo. Yau bakina ya ƙi rufuwa. 'Yar na'urar WSPR ɗin nan, mai gwada nisan da siginar rediyo mai ƙaramar wuta ke kaiwa, wadda na shafe wata biyu ina liƙa wa dalma ta fara aiki jiya. Na ɗaura eriya, waya ce kawai mai hannu biyu, kowane hannu mita biyar da ɗan ɗoriya, tsakanin bishiyar darbejiya da ƙarfen tankin ruwanmu. Na saita ta a kan zangon rediyo na mita 20, ƙarfinta miliwat 200, wato kashi ɗaya cikin biyar na wat guda. Yau bayan la'asar na buɗe WSPRnet, shafin intanet mai nuna taswirar tashoshin da suka kama ka, sai ga layuka sun fito daga Zariya kamar saƙar gizo-gizo. Jamus, Italiya, Ingila, Sifen, ɗaya a Brazil. Sannan da ƙarfe 5:24 na yamma wata tasha kusa da birnin Perth a yammacin Ostareliya ta ce ta kama ni. Sama da kilomita 12,000 ke nan. Wutar da tocilar wayarku ke ci kusan ɗaya take da abin da na aika da shi. Ku taya ni murna.

Na Maraɗi:
Masha Allah! Barka ɗan'uwa. Allah shi ƙara basira. Ni har yanzu kayan nawa na cikin kwali.

Sabon Shiga:
Barka Yaya. Amma don Allah ku yi haƙuri da mu na baya. Me ka faɗa wa mutumin Ostareliyan? Shi me ya ce maka?

Ɗan Tudun Wada:
Ƙanena ba magana muka yi ba. Na'urar abu uku kawai take aikawa: lambar kirana, murabba'in da nake a taswira, nawa JK31 ne, da kuma ƙarfin wutar da na aika da shi. Tana farawa a minti mai cifcif, kamar 5:22 ko 5:24, ta yi ta 'yar siririyar ƙara na daƙiƙa 110 da ɗoriya, ta yi shiru. Duk tashar da ta kama sai kwamfutarta ta tura rahoto intanet.

Baba Mai Mos:
Wa alaikumus salam. Barka da ƙoƙari yarona, liƙa na'ura ta tashi aiki ba wasa ba ne. Amma tambayar da yaron nan ya yi ita ce tambayar. Wa ya ji ka? A lokacin da ka ce, sha biyun dare ta wuce a Perth. Mai tashar yana ta minshari. Kai kuma ina jin kana wurin shan shayi. Akwati ya yi wa akwati tari, wani akwatin ya rubuta. A zamaninmu idan an ce an yi hulɗa, to ka kira, an amsa, ka ba shi rahoton yadda kake jin sa, ya ba ka naka, kun yi sallama. Abin da bai kai wannan ba sunansa gwaji. Gwaji kuwa abu ne mai kyau, amma a kira shi da sunansa.

Injiniyan Fanteka:
Baba ka riga ni. Ni matsalata ma ba nan take ba. Miliwat 200 ɗin, wa ya auna? Lambar da WSPR ke aikawa ai kai ne kake rubuta ta da hannunka a saiti. Ko wat 20 kake fitarwa, in ka rubuta 23 dBm, wato miliwat 200, haka duniya za ta gani. Ba na cewa ƙarya kake, amma shekarata goma sha tara ina gyaran rediyo da amfilifaya, abin da aka rubuta a takardar kaya daban, abin da mita ke nunawa daban.

Ɗan Tudun Wada:
Injiniya takardar kayan ce ta ce haka in an ba ta bolt 12.

Injiniyan Fanteka:
To ka gani. Takarda.

Shugaban Zaure:
A yi a hankali. Magana biyu ce a ƙasa, ta Baba da ta Injiniya, kada a cakuɗa su. Kuma kafin a yi nisa: Ɗan Tudun Wada, ka tabbatar wa zaure kana da lasisi, saboda sababbi suna karantawa.

Ɗan Tudun Wada:
Ranka ya daɗe akwai, da lambar kira mai farawa da 5N kamar ta kowane ɗan Najeriya. Sai da ta fito na haɗa eriya. Kafin nan ma na je na gai da mai unguwa na nuna masa takardar, saboda a halin da ake ciki mutum ya ga waya a bishiya da akwati mai ƙyalƙyalin fitila, ba ka san me zai je ya faɗa ba.

Malamar Fiziks (Talata da safe):
Barkanmu da asuba. Jiya na ga muhawarar amma ina makin jarrabawa. Baba, da girmanka, bari in ɗan tsaya wa yaron nan ta gefe ɗaya, in kuma ba ka gaskiya ta ɗaya gefen.

Abin da ya faru da siginarsa gaskiya ne, ba aikin intanet ba ne. Ta tashi daga wayar da ke jikin darbejiya, ta haura sama wajen kilomita 300 inda hasken rana ya caje siririyar iskar da ke can, ta lanƙwaso ta dawo ƙasa ko teku, ta sake tashi. Tsalle ɗaya ba ya wuce kilomita 4,000 ko kusa da haka, don haka kafin ta kai Perth ta yi aƙalla uku ko huɗu, kowane tsalle tana zubar da ƙarfi. Wannan rufin na sama shi ne dai wanda ya riƙa kawo wa iyayenmu BBC da Jamus a gajeren zango, mita 16 da 19 da 25. Bambancin kawai, tashar da BBC ke da ita a tsibirin Ascension na aiki da na'urori masu kilowat 250. Ku raba da na ɗanmu, ninki miliyan ɗaya da dubu 250 ke nan.

To ta yaya aka ji shi? Dabarar Joe Taylor ke nan, wanda ya fitar da WSPR a 2008. Malamin jami'ar Princeton ne, ya ci kyautar Nobel a fiziks a 1993 shi da Russell Hulse, kuma sana'arsa dama tsamo raunanan sigina na taurari daga cikin hayaniya. Muryar mutum a rediyo tana cin faɗin wajen haz 2,500 (haz shi ne ma'aunin yawan kaɗawar igiyar rediyo). WSPR haz 6 kacal take ci. Idan ka matse ƙofar kunnenka haka, hayaniyar da ke shigowa ta ragu ninki ɗari huɗu da wani abu. Sannan saƙon gajere ne ƙwarai, ɗigo 50 na bayani, amma an shimfiɗa shi a kan alamomi 162 yadda ko wasu sun ɓace a hanya lissafi zai cike gurbin. Shi ya sa ake iya karanta siginar da hayaniyar da ke kanta ta ninka ta sau 600. Kunnen ɗan Adam ba zai ji komai ba sai shuuu.

Gaskiyar Baba kuwa ita ce: kuɗin da aka biya shi ne lokaci. Minti biyu don a faɗi abin da mai Mos, wato rubutun tangaraho na ɗigo da jan layi, zai buga cikin daƙiƙa goma sha. Ba za ka iya cewa ko ina kwana da shi ba.

Sabon Shiga:
Malama na gode, yau na fahimta. Kamar mutum ya tsaya tsakiyar kasuwar Kwari yana jan kalma ɗaya a hankali, wani can nesa ya san irin muryar da zai saurara da daidai lokacin.

Malamar Fiziks:
Haka. Shi ya sa agogo ke da muhimmanci. In agogonka ya kauce da daƙiƙa biyu zuwa uku, ka yi asarar zagayen.

Baba Mai Mos:
'Yata na ji bayaninki kuma ban musa ko ɗaya ba. Ni ban ce siginar ba ta je ba. Amma bari in ba ku labarin abin da ake kira QRP kafin a haifi yawancinku. Kalmar daga harshen tangaraho ta fito, ma'anarta "rage wuta". Masu wannan sha'awar suka ɗauke ta suna, suka tsaya a kan wat 5 zuwa ƙasa in da Mos ne. A Ingila wani limamin coci, George Dobbs, ya kafa musu ƙungiya a 1974. Daɗin abin shi ne kai da kunnenka. Dare ya raba, ka sa abin ji a kunne, siginar na zuwa tana ɓacewa kamar hasken fitilar ƙwai a iska, ka kama harafi biyu ka rasa na uku, ka roƙe shi ya maimaita. Na taɓa shafe kusan rabin awa da wani Bafaranshe a mita 20 kafin mu kammala abin da bai fi layi uku ba. Da muka gama na tarar rigata ta jiƙe. Har yau katin da ya aiko mini yana cikin akwatina. Kai yarona me za ka ajiye? Hoton allo?

Kuma ku sani wat 5 ba ƙaramin abu ba ne yadda kuke zato. Daga wat 100 zuwa 5 desibel 13 ne kawai, wato allurar mai sauraro ta sauka gida biyu da ɗan kaɗan. In yana jin ka a tara, zai ji ka a bakwai. Mutane ke sayen wuta saboda ba sa son gyara eriya.

Baƙon Jamus:
Baba Allah ya ƙara lafiya. Ina tare da kai a batun eriya ɗari bisa ɗari. Amma ni akwai abin da ya fi damuna da masu alfahari da ƙaramar wuta, har da ni kaina. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wa ya yi wahalar? Na ziyarci wani dattijo a ƙauye a nan kudancin ƙasar, irin masu kama siginar WSPR dare da rana. Ya bar gari saboda hayaniyar lantarki, ya binne wayoyi, ya sa zoben ferait a kowace igiya ta gidan, har firjinsa ya canza saboda yana masa ƙara a mita 40. Shi ne ke jin miliwat ɗinku. Kai ka kashe kuɗi kaɗan ka samu layi a taswira, shi ya kashe shekaru ba wanda ya san sunansa.

Ku dubi kumbon Voyager 1 da aka harba a 1977. Na'urar aikawarsa wat ashirin da 'yan kai ce, yana nesa da mu sama da kilomita biliyan 24, kuma ana jin sa. Amma da me? Da faranti mai faɗin mita 70. Ƙaramar wuta a can, ƙaton kunne a nan.

Ɗan Tudun Wada:
Yaya wannan ta shige ni. Amma ai ban ce ni kaɗai na yi ba.

Injiniyan Fanteka:
Ka ce "ku taya ni murna", ba ka ce a taya Bature murna ba. Wasa nake. Ka auna ko ba ka auna ba?

Ɗan Tudun Wada:
Ba ni da mitar wat.

Injiniyan Fanteka:
Ba ka buƙatarta. Nemi rezisto biyu masu om 100, na kabon ba masu naɗin waya ba, ka haɗa su gefe da gefe su ba ka om 50. Cire eriya ka sa su a madadinta. Je wurin duk mai osiloskop (na'urar da ke nuna siffar igiyar lantarki a allo), makarantar koyon sana'a ko wani babban mai gyara. Duba tsayin igiyar daga ƙololuwa zuwa ƙasa. Ninka lambar da kanta, raba da 400, abin da ya fito shi ne wat ɗinka. In da gaske 200 ne za ka ga bolt 9 saura ƙiris. Kuma tunda za ka je, duba ko akwai mataci a bakin fitar. Guntun Si5351 da ke cikin irin waɗannan kayan igiya mai kusurwa yake fitarwa, tana tafe da 'ya'yanta. Kana kan megahaz 14, ɗanta na uku yana can 42 yana shiga gonar da ba taka ba.

Ɗan Tudun Wada:
Mataci akwai, ni na naɗa zobbansa uku da hannuna, har yatsana ya yi kanta. Awo kuma gobe in sha Allah.

Na Maraɗi:
Ku dakata in yi tambaya. Maganar Baƙon Jamus ta sa na buɗe taswirar masu sauraro. Turai baƙi ƙirin da tashoshi, Amurka haka. Ahirka kuwa in ka cire Ahirka ta Kudu da tsibiran Kanari sai ɗai-ɗai. Mu nan Nijar, masu lambar kira 5U, ban ga kowa ba. Kenan mu kullum sai dai a ji mu, mu ba mu jin kowa? Ni lasisina bai hito ba, amma ina da 'yar RTL-SDR, sandar kama rediyo da ake cusa ma kwamhuta, da tsohuwar kwamhuta. In na kunna sauraro kawai, zan iya tura rahoto?

Baƙon Jamus:
Manhajar WSJT-X za ta yi maka, kyauta ce. Ka tabbata sandarka irin mai kama gajeren zango ce, don tsofaffin ba sa sauka ƙasa da megahaz 24 sai da dabara. Saita megahaz 14.0956, gefen sama, wato USB a saitin. Wallahi in ka kunna daga JK33, murabba'in Maraɗi, mutanen nan za su yi ta murna, saboda da yawansu ba su taɓa ganin an kama su a wannan yankin ba. Amma ka tambayi hukumar sadarwar ƙasarku ka ji ƙa'idarsu, kowace ƙasa da tata.

Shugaban Zaure:
Ƙarin bayani ga sababbi: dokar rediyo ta duniya ta hana 'yan sha'awa ɓoye ma'anar saƙo tsakanin ƙasa da ƙasa. Duk abin da muke aikawa a buɗe yake, kowa na iya karantawa. In wani jami'i ya tambaye ku, wannan ce amsa ta farko, takarda ta biyu.

Ɗan Tudun Wada (Laraba da yamma):
To jama'a, na dawo da kunya a hannu. Injiniya ka ci. Mun auna a kan batirin da nake amfani da shi. Bolt 11 ya nuna daga sama zuwa ƙasa. 121 a raba da 400, miliwat 300 ke nan da ɗigo. Dalili kuwa, batirin na jikin sola, da rana yana haurawa kusan bolt 14, ni kuma lissafina na 12 ne. Ke nan ranar Litinin da ƙarfe biyar ba 200 nake fitarwa ba. Na rage shi yanzu ya dawo 9 daidai, na kuma sa abin daidaita wuta a tsakani.

Wani abu kuma da na gano: rahotannin tsakar rana duk suna nuna siginata tana zamewa haz biyu zuwa uku, na dare kuwa sifili. Ɗakin kwano ne, in rana ta take sai ya zama tanda, in iskar hunturu ta buso ta taga kuma ya huce nan take. Na ɗauki tsohuwar kular abincin Hajiyarmu, na huda gefe na zura wayoyi, na sa na'urar a ciki da guntun soso. Zamewar ta tsaya. Hajiya dai ta ce in biya ta kula.

Injiniyan Fanteka:
Yanzu ka zama namu. Wanda ya auna ya faɗi abin da ya gani ko bai masa daɗi ba, shi ne mai sana'a. Kuma kada ka damu, tsakanin 200 da 300 bai kai desibel biyu ba. Da wuya a ce shi ya kai ka Perth.

Malamar Fiziks:
Da wuya, amma ba a rantsuwa. Rahoton Perth nawa ya nuna?

Ɗan Tudun Wada:
Desibel 27 ƙasa da sifili, wato ƙasa da hayaniya.

Malamar Fiziks:
To ka ga a bakin rijiya kake. Cire biyu daga nan, ka koma 29, inda wani zagayen a kama wani a rasa. Sai ka sake samun sa da 200 na gaskiya kafin ka rubuta a littafi. Kuma kada ka yi mamaki in ya ɗauki kwanaki. Rufin saman nan ba ya zama iri ɗaya. Yana bin zagayen rana na shekara goma sha ɗaya. Wanda muke ciki, na 25, ya fara a Disambar 2019, kuma a Oktoban 2024 hukumomin Amurka suka sanar an shiga ƙololuwarsa. Daga ƙololuwa sai gangara, manyan mitoci irin 10 da 15 su ne za su fara rufewa. Ko a cikin mako guda ma, rana na iya yin aman wuta ta toshe komai, kamar guguwar maganaɗisun Mayun 2024 da ta sa gajeren zango ya yi tsit a wurare da yawa.

Baba Mai Mos:
Yaro ka burge ni da maganar kula. Irin wannan ne aikin. Bari in faɗa muku abin da ya sa nake tsananta muku. A 1912 Amurka ta yi doka ta kora 'yan sha'awa zuwa mita 200 da abin da ya yi ƙasa, don manya na ganin wurin juji ne, ba ya zuwa ko'ina. A Disambar 1921 aka tura Paul Godley Sikotland ya kafa tanti a Ardrossan cikin sanyi, ya ji tashoshin 'yan sha'awar Amurka sun tsallako teku. Kowa ya yi murna. Amma ba su ce an gama ba, domin ji ne ta gefe ɗaya. Sai a Nuwambar 1923 da Léon Deloy daga birnin Nice ya yi magana da Fred Schnell a Amurka, kowa ya ji kowa, a wajen mita 110, sannan aka ce an haɗa. Abin da kake da shi yau irin na 1921 ne. Ina jiran na 1923.

Baƙon Jamus:
Baba ai ko na 1921 ɗin shi ya nuna musu hanya a buɗe take. Amfanin WSPR ke nan a wurina: mai leƙen hanya ne. In na ga tashoshin Afirka ta Yamma na shigowa da ƙarfi, na san lokacin ɗaukar makullin Mos ya yi. In yana son kira da amsa da ƙaramar wuta kuma, ga FT8, tsarin aika saƙo ta kwamfuta da Taylor da Steve Franke suka fitar a 2017, daƙiƙa 15 kai 15 shi.

Baba Mai Mos:
Wannan ma kwamfuta ce ke gaisawa da kwamfuta, ku kuna kallo kamar 'yan rakiyar amarya.

Injiniyan Fanteka:
Baba yau ka tashi da mu.

Na Maraɗi (Alhamis da dare):
Jama'a na kunna! Tun azahar. Da hwarko ban kama kowa ba, allon cike da layuka kamar tabarma. Na kashe inbata, rabi ya tahi. Na cire cajar panon sola, sauran ya tahi. Ashe ƙwan fitilar zaure ma na da nashi. Yanzu da batir kaɗai nike aiki, kuma da aka ɗauke wutar unguwa bayan magariba sai abin ya yi tsit kamar an share. Na kama 41 zuwa yanzu: Jamus, Holan, Faransa, Rasha, Amurka biyu. Wani abu kuma, na kai hannu zan gyara wayar eriya ta ɗalle ni, alhali ba a haɗe take da komi ba.

Amma ga abin mamaki. Ɗan Tudun Wada kana aikawa kuwa? Ko sau ɗaya ban gan ka ba. Tsakaninmu bai kai kilomita 300 ba.

Injiniyan Fanteka:
Ɗallin ƙurar hunturu ce, busasshiyar iska na goga waya tana tara caji. Sa rezisto babba, kamar kilo-om 100 ko fiye, daga eriya zuwa ƙarfen da ka kafa a ƙasa, kafin ta ƙone maka sanda.

Ɗan Tudun Wada:
Ina aikawa mana, kowane minti goma. A daidai lokacin da kake magana Italiya da Ingila sun kama ni. Ikon Allah. Ostareliya ta ji ni, Maraɗi ba ta ji ni ba?

Sabon Shiga:
To wannan kuma fa? Ko na'urar Na Maraɗi ce ba ta da kyau?

Malamar Fiziks:
Lafiyarta ƙalau, tunda ta kama Amurka. Ka taɓa wurga fallen dutse a kan ruwa? In ka jefa shi a kwance yana tsalle, in ka sake shi a tsaye sai ya nutse. Siginar da za ta sauka Maraɗi daga Zariya dole ta tashi kusan a miƙe. A megahaz 14, mafi yawan lokaci wadda ta tashi a miƙe huda rufin take ta wuce sararin sama, ba ta dawowa. Wadda ta tafi a kwance ce ke lanƙwasowa, ita kuma sai ta yi nisa take sauka. Wadda ke bin doron ƙasa kuwa ba ta wuce 'yan kilomitoci ta mutu. Maraɗi ta faɗa a ratar da ke tsakani. Ku sauka mita 40, 7.0386, ku gwada da hantsi ko bayan la'asar. Eriyar ma kada a ɗaga ta sosai, ƙasa-ƙasa ta fi harba sigina sama.

Baba Mai Mos:
Abin da muke yi ke nan da can in za a yi magana da garuruwan kusa, ba wanda ke hawa mita 20. Yarona wayarka za ta koma mita goma kowane hannu, kuma sai ka naɗa wani matacin. To ga shawara. Tunda ga ɗan'uwanka a Maraɗi mai kunne, ga ni a Kaduna, ka bar Bature ya yi barcinsa. Ina da makullin Mos guda biyu, ɗaya tun ina aiki yake. In ka koyi haruffa, ko a hankali ne, kalma biyar a minti ta isa, na ba ka shi. Ka kira ni da miliwat 200 ɗin nan naka, in amsa maka da kunnena.

Ɗan Tudun Wada:
Baba na karɓa hannu biyu. Amma kular da na'urar suna nan suna aiki, ba zan kashe ba sai Perth ta sake kama ni da 200 na gaskiya.

Baba Mai Mos:
Bar ta ta yi ta yi, ai ba ta cin tuwo.

Na Maraɗi:
Ni dai ku hwaɗa mini rana in juya zuwa mita 40. Asabar ina kasuwa har azahar.

Ɗan Tudun Wada:
Lahadi ƙarfe goma na safe. Waya ce ba ta ishe ni ba, ina da mita goma sha huɗu, ana neman ashirin da ɗoriya. Injiniya in akwai ragowar wayar naɗin fanka a shago, a ba direban Zariya ya taho mini da ita.

Injiniyan Fanteka:
Ta fanka ta yi siriri, iska ɗaya za ta tsinke ta. Akwai ta wayarin gida mai milimita ɗaya da rabi, zan auno maka mita 25. Turo lambar direban ta akwatin sirri.